Barcin Da Na Yi a Benci Na Uku

Maryam, Yusha'u, da ke Auta, na san kowannenku yana riƙe da nasa dalilin da ya sa ubanku ya bar aikin rediyo, kuma ni na ba ku dukkansu. Ke Maryam na gaya miki muryata ce ta yi ƙarfi har ta ƙona na'urar watsa shiri, hayaƙin ya tashi sai da aka hango shi daga Ribah. Kai Yusha'u na ce maka wata babbar tasha ce ta aiko mota a ɗauke ni, na ce ba zan zauna inda ba a tuƙa tuwon dawa ba. Auta kuwa har yau tana gaya wa ƙawayenta likita ne ya hana ni magana don harshena ya fi bakina tsawo. Yanzu da hawan jini ya zaunar da ni a barandar nan, uwarku kuma ta ɓoye gishiri kamar zinariya, na ga gara in rubuta muku na gaskiyar. In kun ga na ɗan yi ƙari a wani wuri ku yi haƙuri, hali ne, amma ƙashin labarin ba zan taɓa shi ba.

Tashar tamu 'yar ƙarama ce, ɗaki biyu da janareta mai tari, amma muryarta tana hawa duwatsu. Aikina shi ne in je kotu da safe in zauna a benci na uku kusa da taga, bayan la'asar in shiga situdiyo in ba mutane labarin abin da na gani, sannan in amsa tambayoyinsu. Shi ya sa aka sa wa shirin suna Benci Na Uku, ni kuma gari ya sa mini Ganau. Akwai wata 'yar taga a situdiyon, daga kujerata ina hango duwatsun da suka kewaye Zuru. Da damina gajimare yakan sauko ya kwanta a kansu kamar auduga, sai in riƙa magana ina kallon sa, ina jin kamar muryata ce ke tafiya a cikinsa a hankali, ta ƙetare gonakin dawa, ta sauka a rumfar mai shayi a Wasagu, ta leƙa madafar matar wani tsohon soja, ta rataya a reshen ɗorawa tare da rediyon wani manomi. Ban taɓa ganin fuskokin masu saurarona ba. Ni na ƙera musu fuskoki da kaina, kuma duk dariya suke yi.

Tambayoyin suna zuwa ta waya, suna zuwa a takarda, amma na takardar na fi so. 'Yan kabu-kabu ke kawo su daga ƙauyuka a ninke cikin hula, wata ta sha ruwan sama, wata tana ƙamshin daddawa, su jefa cikin kwalin sabulu da muka ajiye a bakin ƙofa. Wani ya tambaya ko hular gashin da alƙali ke sawa ta tunkiya ce, in kuwa haka ne wa ya ci naman. Wata daga Ribah ta ce me ya sa lauyoyi suke kamar za su cinye juna a ciki, a fito kuma a gan su suna cin tsire a takarda ɗaya. Wani tsoho ya ce shi dai a gaya masa ko wanda ake tuhuma yana samun yaji a abincinsa. Duk ina da amsa. A shekarun da na yi a kujerar nan ban taɓa cewa ban sani ba, ko sau ɗaya. In ilimi ya ƙare sai in ci gaba da baki, shi kuwa ba ya ƙarewa.

A daminar da nake ba ku labari aka shigo da shari'ar Markus. An tsinci gawar wani manomi mai suna Ishaya a bakin gonarsa, a wani ƙauye da ke hanyar Dirin Daji, da sara a kai. Aka kama Markus, wanda gonarsa ke manne da ta mamacin, don an ji su suna musu a kan iyaka kwana biyu kafin nan. Iyakar abin da na sani ke nan, ban kuma nemi ƙari ba. Ban je ƙauyen ba, ban tambayi yadda suke da juna ba. Me zai kai ni, ga labari ya zo har benci na uku da ƙafarsa? Kafin wannan, abin da nake kawo wa mutane satar akuya ce da rigimar 'yan haya. Da aka ce kisa sai gari ya tsaya cak. Masu shayi suka riƙa ƙure rediyo, kwalin sabulu ya cika muka koma na taliya, mai taki da mai maganin basir suka fara rububin sa talla a tsakiyar shirina. Na sayi sabuwar hula. Tafiyata ma ta canza, uwarku ta ce kamar agwagwa ta sami takalmi.

Ranar da aka kira mahaifin mamacin, Baba Tanko, ya ba da shaida, uwarku ta yi ɗumamen tuwo da man shanu. Na ci har sai da kwano ya nemi gafara, na kora da kunu kofi biyu. An yi ruwa da asuba, iska mai sanyi tana shigowa ta tagar kotu, fanka tana juyawa a hankali da kukanta iri ɗaya. Tsohon ya miƙe, ɗan siriri, da bargo a kafaɗa. Hausarsa ba ta da yawa, yarensu na C'lela yake yi, tafinta yana mayarwa. Na tuna ya fara da gaisuwa, ya gai da alƙali, ya gai da 'yan sanda, ya gai da magatakarda, saura kaɗan ya gai da fankar. Muryarsa irin ta masu rarrashin jariri ce. Daga nan sai na ga fankar ta zama wani babban tsuntsu, bencina ya ɗaga ya fita ta taga da ni a kai, muna shawagi bisa wata gona kore shar. Ga rafi yana walƙiya a gefe, ga maza biyu can ƙasa ƙanana kamar tururuwa, ga garma a ɗage. Na ga komai, har launin rigunansu. Ban taɓa ganin shari'a sarai irin wannan ba, kuma duk idona a rufe.

Da na farka, ga abin da na tarar. Tsohon ya miƙa hannu yana nuna Markus, hawaye na bin fuskarsa. Markus kuwa ya durƙusa cikin akwatin da ake tsayar da wanda ake tuhuma, ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya kau da fuska gefe. Alƙali ya rubuta wani abu, ya ɗage zama zuwa bayan wata biyu. Na goge yawu daga haɓata, na duba hagu da dama. A waje na ga tafintan, Malam Audu, a gindin mangwaro yana sayen dafaffiyar gyaɗa. Taku goma ne tsakaninmu. Da na je na ce Malam, me tsohon nan ya ce, da yau ba ni da abin rubuta muku. Amma Ganau ba ya tambaya. Na gyara sabuwar hulata na wuce.

Da la'asar na zauna gaban makirufo na haɗa abin da na gani da abin da na yi mafarki na ɗinke su. Na ce tsoho ya nuna shi ya ce kai ne. Na ce Markus ya kasa haɗa ido da uban wanda ya kashe, ƙafafunsa suka narke, zufa ta zubo har ta jiƙa takalmin gandiroba, leɓunansa suna rawa yana neman gafara. Na ce kotu ta yi tsit har ana jin numfashin ƙadangare a bango. Na sa masa suna Mai Kallon Ƙasa. Waya ta yi ta ƙara har ta ɗau zafi. Wani ya ce to me alƙali ke jira kuma, na ce biron ne ya gaji, ana jira ya huta. Aka yi dariya daga nan har Wasagu. Ranar manajan tashar da kansa ya buɗe mini ƙofa.

Bayan mako uku na kawo kwalin gida kamar yadda na saba. Ni da uwarku Hajara mukan zauna a barandar nan da hantsi, tana tsince wake tana karanta mini, ni ina kwance a tabarma ina zaɓen masu daɗi. Ta ɗauko wata da aka yago daga littafin makaranta, rubutun fensir ne, ta fara karantawa da muryar wasa, sai na ji muryar tana sauka.

“Ganau, ina gaisuwa. Ni ce Rifkatu matar Markus. Ishaya da ya mutu yayana ne, tsohon da ka ce ya nuna mijina babana ne. Markus ya yi masa golmo shekara bakwai kafin a ba shi ni. Dawarmu ta kai gwiwa, ciyawa ta wuce ta. Sau biyu ina dama kunun gayya ba wanda ya zo, sun ce rediyo ta faɗa. Babana ya ce ba haka ya ce ba, sun ce rufa wa 'yarsa asiri yake yi. Tambayata ɗaya ce. Kai idan surukinka ya miƙe yana magana, ina kake kallo?”

Ku da kuka tashi a cikin gari, golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba shi ita. Wanda ya gama shi ya zama ɗan gida, amma har ya tsufa ba zai tsaya ƙiƙam uban matarsa yana magana ba. Na san wannan tun ina tsirara. Uwarku ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye farantin waken a hankali, ta ninke takardar.

“Baban Maryam, tabon da ke fuskar babana, a dama yake ko a hagu?”

Kakanku Baba Saja, tsohon soja, shekara goma sha tara ina zuwa gaishe shi duk Juma'a, kuma ban sani ba. Takalmansa kuwa na san su ɗaya bayan ɗaya, na san na masallaci, na san na kasuwa, na san babban yatsansa na dama da farcen ya tsage. In da zai ɓata a ce in kwatanta shi ga 'yan sanda, sai dai a fita neman ƙafa. Uwarku ta ce barci na yi, ba tambaya ta yi ba, faɗa ta yi. Ta ce tun ranar ta ga zanen katako a goshina, ta yi shiru ne don ba ta san da mafarki na ciyar da gari ba.

Washegari na yi takun nan goma da na ƙi yi. Malam Audu ya fara da dariya, ya ce minsharina ranar sai da magatakarda ya leƙa waje ya ga ko an tayar da janareta. Sannan ya daina dariyar, ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa.

“Cewa tsohon ya yi, wancan da kuke gani can ɗana ne. Shekara bakwai yana zufa a gonata. Musu kuwa shi da Ishaya sun saba tun suna samari, su gama su ci a akushi ɗaya. An ɗauke mini ɗaya, kada ku ɗauke mini na biyun.”

Na ce me ya hana shi zuwa ya gaya mini. Ya ce aikinsu ya hana su magana a waje, kuma wa ya isa ya gyara wa Ganau gani.

Na kai wa manaja maganar. Ya rufe ƙofa, ya rage murya. Ya ce in ce an sami ɗan tuntuɓen harshe, in faɗe shi da sauri tsakanin tallan taki da na maganin basir, in wuce. Na ce tuntuɓen harshe ba zai kai mutum ɗaya gonar Rifkatu ba, sai sun ji daga ina labarin ya fito kafin su sake shi. Ya ce in na faɗi barcin nan a iska ba wanda zai ƙara yarda da tashar, don haka in na faɗa, in bar masa makullin situdiyo a kan tebur. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma ni ma shi nake ji. Lokacin Maryam tana shirin shiga sakandare, Auta tana goye, ni kuwa ban iya komai ba sai baki.

Kwana uku na yi ina tafiya kamar a cikin ruwa. Mutane suna gaishe ni, Ganau, Ganau, muryoyinsu suna zuwa daga nesa. Ko da rana tsaka in na lumshe ido sai gonar mafarkin nan ta dawo, amma yanzu ciyawa ce ke tsiro a cikinta ina kallo, tana hawa, tana haɗiye dawar, tana haɗiye mazan nan biyu, sai wata mace ita kaɗai a gefe da tukunyar kunu tana hucewa. Ranar Juma'a na je gidan Baba Saja. Yana gindin dalbejiya da rediyonsa a cinya. Na cire takalmi, na durƙusa, na ba ƙafafunsa labari tun daga ɗumamen tuwo. Babban yatsan nan ya motsa, sannan ya yi magana.

“A bariki, wanda ya yi barci a gadi, in ya zo ya faɗa da bakinsa, horo yake sha. In ya yi shiru, wasu ne ke mutuwa. Tashi haka nan, ƙafarka za ta sage.”

Ranar Litinin gajimare ya rufe duwatsun gaba ɗaya, ban ga komai ta 'yar tagar ba. Jar fitila ta kama. Na karanta tambayar Rifkatu, layin ƙarshe kaɗai, sannan na amsa.

“Jama'a, Ganau bai gani ba. Barci na yi a kotu, abin da na ba ku mafarkina ne. Tsohon nan roƙo ya yi a sakar masa surukinsa. Markus kuwa durƙusawa ya yi kamar yadda kowannenmu ke durƙusa wa uban matarsa. Ko shi ya kashe ko ba shi ba, ban sani ba. Ranar Asabar ina gonarsa da fartanya, mai zuwa ya zo.”

Wanda ya fara bugo waya dariya yake yi har da tari. Ya ce Ganau ba ka da dama, yau kuma da wannan ka zo mana. A nan na san abin da na yi wa kaina. Na saba musu da ƙari har ranar da na faɗi gaskiya tsirararta suka ɗauka sabon wasa ne. Sai da na rantse, abin da ban taɓa yi a iska ba. Na biyu ya tambaya to satar akuyar bara fa, ita ma mafarki ce? Na ce akuyar gaskiya ce, tagwayen da na ce ta haifa a gaban alƙali ne nawa. Ta uku mace ce, ba ta faɗi sunanta ba, ta ce ita ma ta daina amsa gaisuwar Rifkatu a kasuwa saboda ni, yanzu wa zai ɗauki nauyin wannan. Na ce ni. Da fitilar ta mutu na ajiye makullin a kan tebur, na ɗauki hulata.

Na sha gaya muku mutum dubu ne suka zo gayyar nan, har ƙasa ta yi rawa. Mu goma sha huɗu ne. Akwai 'yan kabu-kabu biyu, da mata biyar daga cocin ƙauyen, da wasu maƙwabta da suka zo suna kallon gefe, da Baba Saja wanda ya sa tsofaffin takalmansa na soja ya zauna a gindin ɗorawa kusa da Baba Tanko yana ba da oda ba wanda ke bi. Gonar ba ta yi kama da ta mafarkina ba ko kaɗan. Babu rafi. A gangaren dutse take, duk tsakuwa, kuma iyakar da aka yi musu a kanta wani ɗan kututture ne da ko akuya ba za a ɗaure a jikinsa ba. Na yi kunya biyu ta noma hannuna ya kumbura, bayana ya ce shi ya yi ritaya. Na zube a inuwa. Wata mace doguwa da ɗankwali baƙi ta zo ta tsaya a kaina da ƙwaryar kunu. Rifkatu ce. Ba ta yi godiya ba, ba ta yi zagi ba.

“Tashi ka sha, Ganau. Kada ka yi mana barci a nan ma, mu ji gobe an ce mun kashe ka.”

Rabin gonar muka ceto. Ɗaya rabin ya riga ya yi ja, ciyawa ta shanye shi, mako ukun nan da na yi ina yawo da sabuwar hula su suka ci shi. Da wannan rabin Rifkatu ta ja 'ya'yanta har bazara, da ƙyar.

Sai bayan damina biyu kotu ta sallami Markus, ta ce babu hujjar da ta ɗaure shi. Har yau ba wanda ya san wanda ya sari Ishaya, in kuma kun ji wani ya ce ya sani, ku tambaye shi a wane benci ya zauna. Ni na buɗe shagon iri da maganin feshi, wanda da shi kuka girma. Sunan nan kuwa da na ƙirƙira cikin minti ɗaya bai mutu ba. Ban haƙurin da na yi ya tsaya a inda ya tsaya, sunan kuma ya ci gaba da tafiya cikin duwatsu. Har gobe akwai masu nuna Markus da baki a kasuwa su ce ga Mai Kallon Ƙasa, wasunsu ma ba a haife su ba lokacin.

Tabon Baba Saja a hagu yake, uwarku ta gaya mini bayan rasuwarsa.

Duk farkon damina Markus yakan zo shagona sayen iri. Akwai shaguna shida a layin nan, nawa yake zuwa, ban san dalili ba, kuma yanzu na iya faɗin haka. Yakan yi sallama, ya tambayi iyali, in auna masa in ɗaure. Uwarku ta ce ya yi furfura, ta ce yana da wushirya, kuma wai in yana gaishe ni murmushi yake yi. Na yarda da ita. Abin da ni na sani, takalman roba ne, na hagun an ɗinke shi da waya a wajen diddige. Bana ya sayi sababbi.